Babi na Shida: Mutum-mutumin Sojojin Afirka na Birnin Reims

Mutum-mutumin da Faransawa ke kira Monument aux héros de l'Armée noire, wato abin tunawa da jaruman rundunar baƙar fata, yana tsaye ne a wani babban lambun shaƙatawa mai suna Parc de Champagne, a gefen birnin Reims da ke arewa maso gabashin Faransa. Zubin tagulla ne mai tsayin kimanin mita 3: sojojin Afirka huɗu cikin shirin yaƙi, tare da wani hafsa Bature da ke riƙe da tutar Faransa a tsakaninsu. Wanda ke wurin a yau sabo ne. An kafa na asali a 1924, sojojin Jamus suka tumɓuke shi a 1940, kuma sai da aka yi shekara 73 kafin birnin ya sake ganin irinsa.

Sojojin da aka yi shi dominsu su ne waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais. Gwamnan Senegal, Louis Faidherbe, shi ya kafa rundunar a 1857, sunan Senegal kuma ya bi ta har bayan da aka koma ɗibar mutanenta daga duk inda Faransa ke mulki a Afirka ta Yamma: daga ƙasashen da a yau ake kira Mali, Burkina Faso, Gini, Kwaddibuwa, Benin da Nijar. A 1910 wani hafsa mai suna Charles Mangin ya wallafa littafi, La Force noire, inda ya ja hankalin gwamnatinsa cewa haihuwa ta ragu a Faransa, Jamus ta fi ta yawan jama'a, saboda haka daga Afirka ya kamata a cike giɓin. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai shawarar ta zama aiki. Kafin a gama yaƙin an ɗebi kusan mutum 200,000 daga yankunan Faransa na kudu da Sahara. Kimanin 135,000 daga cikinsu sun yi yaƙi a Turai, kusan 30,000 kuma ba su koma gida ba.

Mafi yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Ana yanka wa kowane sarki ko mai gari adadin samarin da zai kawo, shi kuma sau da yawa yakan ɓoye nasa ya miƙa 'ya'yan talakawa da na bayi. Ƙauyuka sun watse cikin daji, wasu iyalai sun tsallaka iyaka zuwa ƙasashen da ke hannun Ingila. A 1915 mutanen Beledugu da ke arewa da Bamako sun ɗauki makami, sa'an nan daga ƙarshen wannan shekara zuwa 1916 aka yi babban boren yankin kogunan Volta da Bani, wanda Faransa ta murƙushe da igwa da ƙone garuruwa. Ganin haka, a 1918 firaminista Georges Clemenceau ya sauya dabara. Ya aika Blaise Diagne, ɗan Senegal da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914, ya zagaya yankin da alkawuran sassaucin haraji, alawus ga iyalai, da sauƙin samun takardar zama ɗan ƙasa. Diagne ya tara sama da mutum 60,000 a Afirka ta Yamma cikin 'yan watanni. Alkawuran da yawa sun tsaya a baki.

Reims kuwa ba ƙaramin gari ba ne a idon Bafaranshe, domin a babbar majami'arsa aka riƙa naɗa sarakunan Faransa tsawon ƙarnoni. Jamusawa sun shige shi na 'yan kwanaki a Satumbar 1914, aka kore su, suka kafa igwoginsu a tuddan da ke kewaye da shi. Ran 19 ga wannan wata majami'ar ta kama da wuta, kuma daga nan birnin ya sha luguden wuta na shekara huɗu, har mafi yawansa ya zama kufai. A farkon 1918 aka kwashe farar hular da suka rage. Ran 27 ga Mayu Jamus ta fasa layin Faransa a Chemin des Dames, ta dangana da kogin Marne cikin 'yan kwanaki, Reims ya zama kamar tsibiri da ruwa ya ci ta gefe uku. Cikin rundunonin da aka ɗora wa tsaronsa akwai babbar rundunar mulkin mallaka ta farko ƙarƙashin Janar Mazillier, wadda ke da bataliyoyin tirailleurs. Sun riƙe bakin gari da tuddan da ke kusa, sun kuma taimaka wajen riƙe sansanin La Pompelle da ke kudu maso gabas, inda Jamusawa suka kawo hari da tankokin yaƙi ran 1 ga Yuni. Ran 15 ga Yuli Jamus ta yi yunƙurinta na ƙarshe, ta gabas da ta yammacin birnin a lokaci guda, bai kai ta ko'ina ba. Reims bai faɗi ba.

Adalci ne a faɗi cewa 'yan Afirka ba su kaɗai suka kare birnin ba, kuma ba su ne mafi rinjaye a cikin masu tsaronsa ba. Amma su ne jaridun Jamus suka fi ɗora wa ido. An yaɗa cewa Faransa ta bar tsaron Reims a hannun baƙaƙen da ta bugar da giyar rumbunan garin, tana sadaukar da su don ta tsimi jinin 'ya'yanta. Maganar buguwa ƙazafi ce. Maganar sadaukarwa kuwa ta riga ta tashi a cikin Faransa kanta, domin bayan mummunar asarar da tirailleurs suka yi a Chemin des Dames a Afrilun 1917, cikin sanyi da ƙanƙara, Diagne ya tsaya gaban 'yan majalisa ya zargi Mangin, wanda ya jagorance su a wurin, da jefa su cikin halaka. Wannan gardama, tsakanin yabo da zargi, ita ce ƙasar da aka kafa mutum-mutumin a kanta.

A 1921 aka kafa kwamiti a Paris don tara kuɗin aikin ta hanyar karo-karo daga garuruwa da ɗaiɗaikun mutane. Diagne na cikin jagororinsa, shugabansa kuma Janar Louis Archinard ne. Sunan Archinard yana da nauyi ga duk wanda ya san tarihin yankin kogin Kwara na sama, domin shi ne ya ci Segu a 1890 daga hannun Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Tal, wanda daga baya ya yi hijira gabas har ya rasu a ƙasar Sakkwato. Wato mutumin da ya ci ƙasar da yaƙi shi ne ya jagoranci karrama 'ya'yanta da suka mutu a yaƙin Faransa. Kwamitin ya yanke shawarar a yi mutum-mutumi biyu iri ɗaya, ɗaya a Reims inda aka yi yaƙin, ɗaya a Bamako, tsakiyar ƙasar da ta ba da kaso mai yawa na sojojin.

An ba da aikin sassaƙar ga Paul Moreau-Vauthier, wanda shi ma ya yi yaƙin, kuma an san shi da jerin duwatsun alama da aka kakkafa a kan layin da aka tsayar da Jamusawa a 1918. Zanen gindin kuma aka ba Auguste Bluysen. Ministan yaƙi André Maginot ya aza harsashin na Reims ran 29 ga Oktoba 1922. Na Bamako ya riga shi kammaluwa, aka buɗe shi ran 3 ga Janairu 1924. Na Reims kuma ministan yankunan mulkin mallaka, Édouard Daladier, ya buɗe shi ran 13 ga Yuli 1924, a wata mararraba da ke mafitar gari ta hanyar Châlons, daura da filayen kamfanin Pommery.

Gindin ya kai mita 4, na dutse mai tsananin tauri, an kuma yi shi da siffar tata, irin ganuwar ƙasa da garuruwan Afirka ta Yamma ke kewaye kansu da ita, kamar shahararriyar ganuwar Sikasso da Faransa ta fasa a 1898. A jikinsa an sassaƙa sunayen wuraren da sojojin Afirka suka gwabza. Ba a rubuta sunan soja ko ɗaya ba. A nan ya sha bamban da dubban abubuwan tunawa da garuruwan Faransa suka gina a waɗannan shekaru, inda kowane ƙauye ya jera sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Rubutun sadaukarwar ya kira sojojin 'ya'yan riƙon Faransa da suka mutu don 'yanci da wayewa.

Abu biyu ne ke cikin wannan tagulla, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai fahimce ta ba. Na farko, a zamanin da hotunan talla da na barkwanci a Turai ke nuna baƙar fata a matsayin yaro mai washe baki ko dodo mai adda, Moreau-Vauthier ya sassaƙa mazaje masu natsuwa da kwarjini, kowa da fuskarsa, ya ɗora su sama a bainar jama'a a birnin naɗin sarakuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a 1924. Na biyu, tutar tana hannun Bature, su kuma masu tsaronta ne. Tsarin tsayuwarsu shi ne tsarin rundunar kanta, inda da wuya ɗan Afirka ya wuce ƙananan muƙamai, kuma shi ne tsarin mulkin mallaka baki ɗaya.

A Jamus kuwa ƙiyayyar ba ta kwanta da yaƙin ba. Da Faransa ta girke sojojin yankunan mulkin mallakarta a yankin kogin Rhine bayan yaƙi, sai aka tayar da gagarumar farfaganda daga 1920, ana kiran zuwansu baƙin abin kunya, ana zarginsu da fyaɗe da dabbanci a jaridu da hotunan bango. Hitler ya ɗauki wannan magana ya sa a littafinsa. A 1937 gwamnatin Nazi ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin suka haifa da matan Jamus ta yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Da aka dawo fagen fama a Yaƙin Duniya na Biyu, a Mayu da Yunin 1940, sojojin Jamus a wurare da dama sun riƙa ware fursunoni baƙaƙe daga farare suna harbewa. A Airaines an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, ran 7 ga Yuni, bayan ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar sauran. A Chasselay kusa da Lyon an karkashe gomman tirailleurs da bindigogin tankoki ran 20 ga wata. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1,500 da 3,000.

Waɗanda suka yi wa masu rai haka ba za su bar siffarsu a tsaye ba. A Yunin 1940 suka rushe mutum-mutumin Mangin a Paris. A Satumba suka kwance na Reims daga gindinsa, suka ɗora shi a taragon jirgin ƙasa zuwa Jamus, ba a sake ganinsa ba. Ya kamata a bambanta wannan da narkar da mutum-mutumin da gwamnatin Faransa ta Vichy, mai haɗa kai da Jamus, ta shiga yi daga ƙarshen 1941 don samun ƙarfe, domin dokar da ta ba da damar hakan ta ware abubuwan tunawa da mamatan yaƙi. Na Reims an ɗauke shi tun kafin wannan doka, kuma saboda abin da yake nunawa.

A Reims ɗin ne Jamus ta sa hannu kan takardar miƙa wuya ran 7 ga Mayu 1945, a hedikwatar Janar Eisenhower, kwamandan sojojin ƙawance, amma wurin mutum-mutumin ya daɗe babu kowa. Sai a 1958 aka kafa ɗan ƙaramin dutsen alama. Allon da aka sa a wurin ya faɗi gaskiyar magana a fili, cewa 'yan mamaya sun rushe abin tunawar saboda ƙiyayyar launin fata. A 1963 ministan tsaro Pierre Messmer ya buɗe sabon gini: ginshiƙai biyu na farin dutse masu tsini, tsayin mita 7, waɗanda aka ce suna nuna haɗin kan mayaƙan Afirka da na Faransa. Babu fuska, babu tuta a hannun kowa. Lokacin ma ya bayyana siffar. Ƙasashen da sojojin suka fito sun sami 'yancin kai a 1958 da 1960, yaƙin Aljeriya ya ƙare a 1962, kuma a Yulin wannan shekara shugaban Faransa De Gaulle da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Adenauer suka tsaya tare a majami'ar Reims don sulhun Faransa da Jamus. Hafsa Bature da baƙaƙen sojoji kewaye da shi ba hoton da ake son maimaitawa ba ne a lokacin. Sai dai wajen kauce wa hoton mulkin mallaka an kauce wa mutanen su ma, mai wucewa ba zai gane daga ginshiƙan cewa wani ɗan Segu ko na Wagadugu ya mutu a nan ba.

Mantuwar ba ta tsaya ga dutse ba. Dokar kasafin kuɗi ta Disambar 1959 ta daskarar da fanshon 'yan mazan jiya na ƙasashen da ke samun 'yanci, ta yadda bayan shekaru tsohon soja a Bamako ko Yamai yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abokin yaƙinsa Bafaranshe. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke hukunci, a ƙarar wani tsohon saja ɗan Senegal, cewa wannan wariya ce. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya ƙara tayar da maganar a idon jama'a, kuma ba a kammala daidaita fanshon ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga sun rasu. Cikin wannan yanayi na tonon tsohon bashi ne maganar mutum-mutumin Reims ta sake tasowa.

A Nuwambar 2008, lokacin cika shekara 90 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, magajiyar garin Reims Adeline Hazan ta bayyana aniyar maido da shi, aka kuma kafa ƙungiya mai suna AMAN don bin aikin. Tambaya ta farko da ta fuskanci masu aikin ba ta ƙarfe ba ce. Shin a maimaita siffar 1924 yadda take, ko a yi sabon abu da ya dace da zamani? Mai cewa a sake siffa yana da hujja: sake zuba wannan tsari a ƙarni na 21 tamkar sake sa hannu ne a kan saƙonsa. Amma hujjar maimaitawa ta fi nauyi. Abin da 'yan Nazi suka so shafewa shi ne waɗannan fuskoki a wannan birni, kuma duk wani gini da ba su a ciki ya bar hukuncin 1940 yana aiki. Bayan haka, mutum-mutumin shaida ne kan yadda Faransa ta 1924 ta ga sojojinta. Idan aka gyara shaida don ta yi daɗin gani, ta daina zama shaida.

Abin da ya sa maimaitawar ta yiwu shi ne ɗan'uwansa na Bamako. Mali ta sami 'yanci a 1960 ƙarƙashin Modibo Keita, ta sauya sunayen tituna da filaye, amma mutum-mutumin sojojin ya ci gaba da zama a tsakiyar birnin, a dandalin da ake kira Place de la Liberté. Shi ya zama abin koyi, tare da tsofaffin hotunan na Reims. An ba da aikin ga mai sassaƙa Jean-François Gavoty. Aiki irin wannan ya fi kwafi wuya. Tagullar da ta yi kusan shekara 90 cikin rana da ƙurar hunturu da ruwan damina takan sauya launi, ƙananan layukanta su dushe, don haka dole mai aikin ya rarrabe abin da hannun mai sassaƙa na farko ya yi da abin da yanayi ya ƙara. Babban zubi kuma ba a yin sa a dunƙule. Ana fitar da cikakkiyar siffa, a ɗauki mazubinta gunduwa-gunduwa, a zuba narkakkiyar tagulla ta fito da rami a ciki, a haɗa sassan da walda a kan ƙarafan da za su riƙe nauyin, a goge mahaɗan har su ɓace, sa'an nan a shafa sinadari da zafin wuta don a ba shi launi.

A gindin ne aka rabu da na asali. Maimakon toshasshiyar ganuwa, an yi shi da baƙin dutse, buɗaɗɗe daga ƙasa, ta yadda ido ke ratsa shi. Haka aka raba aikin gida biyu: sama na 1924 ne, ƙasa na zamanin da ya maido da shi, kuma mai kallo zai iya gane cewa abin da ke gabansa maidowa ce. Wurin ma an sauya. Tsohuwar mararrabar tana ɗauke da ginshiƙan 1963, saboda haka aka zaɓi Parc de Champagne da ke kusa, tsohon filin wasanni da shaƙatawa da gidan Pommery ya gina a farkon ƙarni na 20. An ɗora mutum-mutumin a Nuwambar 2013, shekarar da sojojin Faransa suka shiga yaƙi a arewacin Mali.

Ya yi shekara biyar a wurin ba tare da bikin buɗewa na ƙasa ba. An yi bikin ne ran 6 ga Nuwamba 2018, cikin makon cika shekara 100 da tsagaita wuta, inda shugaban Faransa Emmanuel Macron da shugaban Mali Ibrahim Boubacar Keïta suka tsaya tare, marubuci Alain Mabanckou ɗan Kwango kuma ya yi jawabi. Zuwan shugaban Mali ya dace da tarihin aikin, domin daga babban birnin ƙasarsa aka samo siffar da Reims ta rasa.

A yau birnin yana da abubuwan tunawa biyu da sojojin Afirka, tsakaninsu 'yar gajeriyar tafiya a ƙafa: ginshiƙan 1963 a tsohon wurin, da sabon zubin a cikin lambu. Ɓaraguzan gindin 1924 da suka tsira suna ajiye a gidan tarihin sansanin La Pompelle, 'yan kilomitoci daga gari a kan hanyar Châlons. Zubin Moreau-Vauthier na ainihi guda ɗaya ne ya rage, shi ne na Bamako, wanda ya cika shekara 100 a Janairun 2024.